Sun Yanka Halloran Gida Uku

Juma'a, 24 ga Mayu

Hukumar zaɓe ta fitar da sabuwar taswira. Babu mazaɓarmu, Halloran, a ciki. Sau uku na duba, har da canza tabarau. Wai mutane sun ragu a gefenmu na Melbourne, sun yi yawa can bayan gari inda ake ta gine-gine, don haka za a yanka mazaɓarmu gida uku a raba wa maƙwabta. Bayan shekara saba'in da biyar!

Bronwyn ta bugo waya daga wurin aiki. "Mama, layi ne fa kawai a takarda." 'Yar da na haifa da cikina ke nan. Na ce mata ina da tukunya a wuta.

Lahadi, 26 ga Mayu

Na sauko da akwatin Baba. Sakamakon kowane zaɓe tun 1949 yana ciki, wanda ya riƙa yankowa daga jarida, daga baya ni na ɗora. Zaɓe ashirin da tara. Mu masu jar riga, jam'iyyar ma'aikata, mun ci ashirin da ɗaya. Masu shuɗiyar riga takwas.

Da aka kafa mazaɓar, ba komai a nan sai gonakin tuffa da kamfanin bulo, inda Baba ya kama aiki kwana huɗu da saukowarsa daga jirgin ruwan Malta. Gidaje suka cinye gonakin, aka rufe kamfanin, masu mota biyu suka tare. Duk da haka ba wanda ya taɓa sa mu a aljihu. Ɗan majalisa ya yi barci a Canberra, babban birnin ƙasa, mu tashe shi. In ya ƙi tashi mu sauke shi, ko da namu ne. Sau uku muka yi wa namu haka. A nuna mini wata mazaɓar da za ta bugi ƙirji ta faɗi wannan.

Laraba, 12 ga Yuni

Sanyi har cikin ƙashi. Stavros Kalogeras ya tsallako titi da taswira a hannu, tsohon mahaucin da gidansa ke kallon nawa. Shekara talatin da wani abu muna tsayawa kafaɗa da kafaɗa a ƙofar firamaren da ake jefa ƙuri'a ranar zaɓe, shi yana raba takardun shuɗi, ni na ja, muna zagin juna.

"Uwar jajaye, kin ga inda layin ya bi? Tsakiyar titinmu! Ke an jefa ki mazaɓar Marchant, inda mutanena ba sa faɗuwa. Ni an kai ni cikin 'yan uwanki, ko tsintsiya suka tsayar sai ta ci."

Na ce Allah ya ƙara, mahaucin banza. Sai ya zaro takardar ƙorafi daga aljihu, ya riga ya sa hannu. Ya bar mini layin farko.

Talata, 25 ga Yuni

Sa hannu ɗari shida da sha biyu. Gwiwata ta kumbura.

Litinin, 12 ga Agusta

Gobe hukumar za ta saurare mu. Minti uku kowa. Na rubuta nawa, ban sa zancen sake ƙirge ba, ba kuma zan sa ba.

Amma yau ya ƙi barina. Shekara arba'in ke nan. Ni ce wakiliyar jam'iyyarmu a teburin ƙirga, muna gaba da ƙuri'a sha tara kacal. Sai idona ya faɗa kan wani ƙunshi na ƙuri'a hamsin a tarin namu, na ga na shuɗi ne. Kuskure ne na gajiya, ba wanda ya lura. Na daɗe ina kallonsa. Sannan na ɗaga hannu. Muka faɗi da tamanin da ɗaya.

Baba bai yi mini magana ba har bikin Ista. Ran nan a tebur ya turo mini burodi, bai dube ni ba, ya ce, "To, kin dai iya ƙirga." Iyakacinta ke nan har ya rasu.

Talata, 13 ga Agusta

Na karanta nawa, ƙararrawa ta katse ni ban kai ƙarshe ba.

Sai Stavros ya miƙe cikin kwat ɗin da ya sa ranar auren 'yarsa. Ko takarda bai riƙe ba. Ya nuna ni da yatsa. "Ranka ya daɗe, ka ga wannan matar? Ba ta taɓa zaɓen daidai ba a rayuwarta." Zaure ya kwashe da dariya. Ya ba su labarin ƙunshin nan kaf. "Ni ne wakilin da ya kamata ya gani, ina waje ina shan taba. Ita ta ba mu kujerar, ta koma gida ta sha fushin ubanta. Irin mutanen da za ku yanka gida uku ke nan."

Shugaban zaman ya ajiye bironsa ya dube ni. Na gyara zama. Ban sunkuyar da kai ba, me zai sa.

A jirgin ƙasa na ce, wa ya aike ka? Ya ce, "Yi mini shiru, Glenys."

Alhamis, 5 ga Satumba

Sun yanke hukunci. Taswirar tana nan yadda take. Sun gode mana a shafi na arba'in.

Litinin, 28 ga Afrilu

Na daɗe ban buɗe littafin nan ba. Wata Gurleen Dhillon ta kira, ma'aikaciyar jinya ce, ita ke jan jajayen Marchant. Zaɓe ya matso, ba su da mai tsayawa a ƙofar sabuwar makaranta can sababbin unguwanni, inda mazaɓar ta miƙe ta kai. "Anti, an ce ba wanda ya kai ki." Na ce ni 'yar Halloran ce. Zan jefa ƙuri'a tunda doka ta tilasta, in dawo gida.

Lahadi, 18 ga Mayu

Jiya aka yi zaɓe. Bronwyn ce ta ce mu je sabuwar makarantar in jefa, wai layi ba tsawo. Makirci ne, na sani.

Abin da na tarar! Takardu na tashi a iska, masu rabawa sun tsaya bayan bishiya kamar masu jin kunya. Masu gasa naman sosej a bakin ƙofa ko albasa ba su soya ba. Wani dattijo ɗan Sudan ta Kudu, sanye da kwat da laƙatayi, ya tare ni. Karonsa na farko ke nan da zai yi zaɓe. "Mama, in na yi kuskure za su yar da ita?" Na nuna masa yadda ake sa lamba a kowane gida na takardar ƙuri'a, kada ya bar ko ɗaya. Ban gaya masa wa zai zaɓa ba. Da ya fito ya kama hannuna da hannu biyu ya daɗe bai saki ba.

Ban san lokacin da jar riga ta hau jikina ba. Sai shida na yamma na bar ƙofar.

Shuɗi sun ci Marchant, ba mamaki. Amma ratar da take dubu tara ta dawo dubu biyu da 'yan kai. Stavros ya tsallako titi ya leƙo ta katanga da safe, nasa ɗan takarar ya sha ƙasa a mazaɓar da aka kai shi. "Me kika je kika yi wa mutanena, uwar jajaye?" Na ce somin taɓi ne, dubu biyu ba komai ba ce a wurinmu.

Gurleen ta ce taronsu ranar Laraba ne. Ban ce zan je ba. Na dai tambayi Bronwyn wace bas ce ke zuwa can.