Na Daina Cewa Da Sauƙi

Zuwa ga Tasalla, sanyin idona, gawona mai ganye a tsakar rani, raɓar da ta rage mini a shekarar da sama ta hana ruwa. Ina gaishe ki daga gadon asibiti a Sakkwato, gaisuwar mutumin da ya gaji da komai banda tunaninki.

Na gaji, Tasalla! Na gaji da allura, na gaji da kallon silin. Dubi ikon Allah: rijiyoyin garinmu Tsamaye sun ƙafe, gero ya ƙone tun yana tsaye, ni kuwa ƙafafuna sun cika da ruwan da ƙoda ta kasa fitarwa. Da ana matse mutum a gona, ai da na shayar miki da kunya biyu.

Kin san halinmu. Duk safiya likita ta tambaye ni jiki, sai in ce da sauƙi, alhamdu lillahi, kamar yadda muka ji iyayenmu na yi. Ƙanena Lawwali ya ƙara da cewa sauƙi sosai. Ita kuwa sai ta rubuta. Jiya ta ajiye biro, ta jawo kujera ta zauna daidai fuskata, ta ce ba gaisuwa take yi ba, tambaya ce, kuma faɗin ciwo ga likita ba butulci ba ne ga Ubangiji. Sai bakina ya buɗe. Na faɗi ƙaiƙayin da ke hana ni barci, da tashin zuciya, da numfashin da ke yanke mini a sujada.

Ita ma ba ta ɓoye ba. Ta ce ƙodar ba za ta dawo ba. Injin wankin jini na iya ƙara kwana, amma zuciyata ta yi rauni, zai wahalshe ta, kuma sai na tare kusa da shi, nesa da ke. Akwai wata hanya: magani na rage kumburi da ƙaiƙayi, a taƙaita gishiri da kanwa, a riƙa duba ni a Sabon Birni, kusa da gida. Ta ce wannan ba sallama ba ce, jinya ce, sai dai kwanakin ƙila su gajarta. Sannan ta tambaye ni abin da na fi so in yi da su. Wa ya taɓa tambayata haka? Kafin in yi tunani, sunanki ya riga ni fita, a gaban Lawwali, ba kunya.

Kin tuna binnen da muka yi shekarar farin farko? Ina gaba da sungumi, kina biye kina zuba iri kina rufewa da diddige, ba ko gajimare ɗaya a sama, kina yi mini tsiya wai ramukana sun karkace. Irin waccan ranar nake so, ko da daga gindin gawo za ni kalle ta.

Na zaɓi gida, hasken raina. Lawwali ya yi fushi, ya ce na karaya. Fushinsa za ni iya ɗauka, naki ne ba ni iyawa. Ina tsoro ki ce na gaji da ke ne, na ƙi yin yaƙi dominki. Wallahi ba haka ba ne! Ina amfanin kwana mai yawa in ba ki cikinsa? Ki yarje mini, don Allah. In kin ce in zauna, za ni zauna, in miƙa wa injin hannuna.

Miyarki za ta yi lami, na sani, za ni sha in yaba. Amma alkawari guda na ɗauka: in kin tambaye ni jiki, za ni faɗa miki gaskiya. Ke ma ranar da na sauka daga mota na tambaye ki gida, kada ki ce mini lafiya lau. Ki yi kukanki ina nan, in samu in share miki da hannuna.

Naki har ranar da za a rufe ni da ƙasar da muka shuka tare,
Sodangi