Nashiru Ya Saki Kakarsa

Salaga, 2 ga Agusta, 1961

Zuwa ga ɗana Alidu, a Bawku.

Bayan sallama irin ta addini da tambayar lafiyar iyalinka, ina sanar da kai cewa 'ya'yanka, Nashiru da Zaliha, sun iso lafiya, kuma takardarka ta zo hannuna. Na karanta ta da kaina. Ka daina rubutawa a bayanta wai a nemo mai karanta mini.

Ka ce hedimasta ya ce Nashiru bai iya haɗa baƙi ba, kuma in hutu ya ƙare bai iya ba, za ka cire shi daga makaranta ka sa shi ɗaurin buhunan albasa. Yaron shekararsa tara. Na gwada shi, kansa lafiya lau, tsoron bulala ne ya rufe masa baki. Ka bar mini shi har ƙarshen hutu. Ba na buƙatar tica, ba na buƙatar shawara.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifiyarka, Salimatu.

Yendi, 19 ga Agusta

Yaya Alidu,

Gaisuwa mai yawa, ya kasuwa, ya ruwa? Na je Salaga duba Mma, kuma wallahi sai na faɗa maka. Ba allo, ba littafi! Da safe ta ɗauki lemarta ta ja su tasha, wai su karanta mata rubutun jikin lori, wanda ya fara ganewa shi ke cin ƙosai. Da yamma su zana rijiyoyin unguwa a ƙasan tsakar gida, su sa wa kowace suna. In ana tuƙa wasawasa, abincin nan na garin doya, Zaliha ke auna gari, shi yana faɗin lissafi.

Ga wasan kaka da jika ba ƙarewa. Ta ce masa, "Maigida, wane irin miji ne kai, ko sunan matarka ba ka iya rubutawa?" Shi kuma ya ce, "Tsohuwa mai haƙori biyu, wa ya ce ina so?" Na ce Mma, wannan ai wasa ne. Ta kalle ni ta ce in ci abincina.

Mijina, Malam, ya ce a kawo yaron nan Yendi, sati biyu ya ishe shi ya miƙe.

Ƙanwarka, Ashetu.

Bawku, 25 ga Agusta

Zuwa ga Mma,

Gaisuwa da biyayya, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Mma, ku yi haƙuri, ba raina ƙoƙarinku na yi ba. Amma na ji yaron yawon tasha yake yi, ga hutu ya kusa ƙarewa. Ranar Laraba ku sa shi a lorin Yendi, mijin Ashetu ya gwada nasa. In bai yiwu ba, shi ke nan, albasa ma sana'a ce.

Ku sa mu a addu'a.
Ɗanku, Alidu.

Salaga, 1 ga Satumba

Zuwa ga ɗana Alidu.

Bayan sallama da fatan alheri. Lorin Laraba ya tafi, Nashiru yana nan.

Na gaya masa saƙonka bayan la'asar, ban rage ba, ban ƙara ba. Ya zaci ni ce na gaji da shi. Ya ce, "To, ai ni zan riga ki, na sake ki." Na ce, "Da baki? Ni 'yar malamai ce, maigida. Ba na fita daga ɗakina sai da takarda, kuma ba wadda wani ya rubuta maka ba." Ya shige zaure da fensirin Zaliha. Ta leƙa ta taimake shi, ya kore ta. Har tuwo ya huce bai fito ba.

Abin da ya kawo mini shi ne na naɗe a cikin wannan. Ka duba: ya rubuta sunana cikakke, ya rubuta nasa, ya ce ya sake ni saboda tsufa da yawan magana, kuma ya tafi da lemata. Na sa shi ya karanta a gaban maƙwabciyata Awawu, ya karanta da ƙarfi bai tsaya ba, har ta yi guɗa. Jiya ya karanta wa Zaliha shafi guda na littafinta don ya nuna mini ba ya buƙatata.

Ka kai wa hedimasta ya gani da idonsa. Sannan ka dawo mini da ita, tawa ce. Mahaifinka bai taɓa kusantar ba ni irinta ba, ina so in ajiye.

Yaron zai koma Bawku ranar da aka buɗe makaranta, kuma aji zai shiga.

Mahaifiyarka, Salimatu.

Bawku, 8 ga Satumba

Mma,

Gaisuwa da biyayya. Hedimasta ya karanta, ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce a kawo shi. Ga takardarku na mayar. Ku tambayi maigidan naku, ko za a yi kome, ya mayar da ku ɗakinku, kafin hutun baɗi?

Ɗanku, Alidu.