Garantin Motar Baba

Asabar da dare, Unguwar Boro

Yau saura kaɗan mu rasa garantin motar da Baba ya saya da kuɗin sallamarsa. Daga wurin dilan motar Baba ya ce mu biya Kakuri wajen bakanikensa, Oga Bitrus, a cire tamostat, na'urar daidaita zafin inji, wai motar Turai ba ta san zafin Kaduna ba. Kowa haka yake yi.

Na riga na karanta takardar garantin sau biyu: inji da giya kawai garantin ya ɗauka, na wata shida, kuma in wani bakanike ya taɓa injin, garantin ya tashi.

Da na faɗa masa haka, Baba ya ce, "Ladi, digirin naki na gyaran mota ne?"

Oga Bitrus har ya ɗauko sifana. Na kira dilan, na buɗe muryar wayar kowa ya ji. Dilan ya ce, "Baba, kuka kwance noti ɗaya, babu ruwanmu."

Oga Bitrus ya rufe bonet yana dariya. "To, sai bayan wata shida."

Muka koma gida. Ni Baba ya miƙa wa takardar in adana, ba babban ɗansa Yaya Ishaku ba.