Hannun da Ya Juya Kwano

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya ƙafar nan taka, ta bar kumburi? Baba yana gaishe ka. Jikinsa da sauƙi, sai dai haƙoran da suka rage masa ba su kai a kira su haƙora ba.

Abokinka da ka turo ya zo, wanda ka ce in ba shi makullin sito ya riƙe rabin shagon Baba don in huta. Ni Mai Agogo nake kiransa, domin agogonsa ne ya fara shigowa kafin shi, ƙato kamar murfin gwangwani. Turarensa kuwa har kajin maƙwabta sai da suka yi atishawa. Ya zauna a shago yana ta zuba, amana kaza, tsarin zamani kaza. Na ce to madalla, ya zo gida ya ci abinci da Baba. Ka san ni, kasuwa ta koya mini in bar bakin mutum ya yi ta gudu, ni hannunsa nake kallo.

Na yi masa girkin da ko suruki bai isa ya raina ba. Na samo naman shanu na ƙirji da na ƙwauri, da ƙashi mai ɓargo. Na soya shi kaɗan-kaɗan har ya yi ja, ban cika tukunya ba don kada ya saki ruwa. Na zuba albasa da tafarnuwa da citta, na kankare abin da ya kama a gindin tukunya, don daɗin duk a nan yake. Na sa tumatir, na rage wuta, na bar shi yana ɓararraka a hankali tun hantsi. Karas da dankali sai can daga baya, kada su narke. Romo ya yi kauri har yana riƙe ludayi.

Ka tuna yadda marigayiya Inna take zuba wa Baba: naman da ya fi laushi da ƙashin ɓargo a gefensa, mai ɗan tauri a gefen masu haƙori. Haka na jera a babban kwano, na ajiye a tsakaninsu, na koma bakin tagar kicin ina yi kamar ina wanke cokula.

Yaya, mutumin nan ya cire agogo, ya naɗe hannun riga kamar zai shiga dambe. Ya leƙa gefensa, ya leƙa gefen Baba. Sai ya ɗaga kai ya soma ba Baba labarin yadda iyayen gidansa na baya suka yi kuka da zai bar su saboda gaskiyarsa. Baki na aiki a sama, ɗan yatsa na aiki a ƙasa. A hankali, a hankali, kwano ya juya. Kafin a kai wurin kukan, ƙashin ɓargo ya koma gabansa. Ya zuƙe shi har da ƙwanƙwasawa a bakin kwano. Tsohonka ya yi ta juya nama mai jijiya a dasashi, ya gaji ya ajiye, ya ci dankali ya sha romo.

Da zai tafi ya yabi girkin, ya ce gishiri ya ɗan so ya yi yawa. Kunya dai ba ta san gidansu ba.

Makulli yana ƙuguna. Ka gaishe da kowa.

Ƙanwarka,
Autar Inna


Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonka ya iso, na ji daɗin jin ƙafa ta saɓe. Allah ya ƙara sauƙi.

Ka ce in ji kunya, wai zan tsinka zumuncinku a kan tsokar nama, wai tun kuna makaranta ka san shi. To ai a makaranta kowa da kwanonsa, ina za ka gani? Ka ce kuma yunwa ce. Mai jin yunwa cin gabansa yake yi da sauri, ba ya tsayawa lissafin gaban wani.

Bari ka ji ƙarashe. Washegari sai ga kular abinci Mai Agogo ya aiko da ita, wai tsohuwarsa ba ta jin daɗi, ko akwai ragowa. Tsohuwar da na gani da idona a layin masu kifi tana ciniki kamar za ta cire wa mai kifi riga! Ban yi rowa ba. Na cika kular da dankali da karas, na ɗora masa ƙashin nan da ya zuƙe a kai, tunda na ga yana ƙaunarsa. Har yau ba godiya, ba ƙorafi.

Da na karanta wa Baba saƙonka, na zaci zai goyi bayanka, don ranar ko tari bai yi ba, har na ɗauka idonsa bai kai ba. Ashe tsohon ɗan kasuwa ya riga ni gani. Ya ce in faɗa maka shi naman bai dame shi ba, ya ci rabonsa a duniya. Abin da ya tsaya masa shi ne, yaron yana juya kwanon yana kallonsa ido cikin ido, yana maganar amana, hannunsa bai ko yi rawa ba. Ya ce wanda ya iya haka ba ranar ya fara ba. Ya ce makulli ya zauna inda yake.

Ka nema wa abokinka wani wurin, inda abinci ke zuwa a faranti ɗai-ɗai. Yau ma na ɗora tukunya, Baba na can yana fama da ɓargonsa, maiƙo har gemu. In ka zo hutu zan dafa maka, amma zan tsaya a taga.

Taka har kullum,
Autar Inna