Tambayata ta Farko a Aji

Agiye, Nijar, daren Laraba, Fabrairu 2011

Yau na ɗaga hannu a aji, ni da ko gaisuwa a ciki nake yi! Malaminmu Habu, da muke ce wa Mushe, na bayanin ADN, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin jikinmu, ya ce hasken rana na lalata shi, amma jiki na da masu gyaransa. Na jira wata motar 'yan siyasa ta wuce da kiɗanta, sannan na yi tambaya.

"Mushe, in masu gyaran suka lalace fa?"

Sani, ɗan ajinmu, ya ce, "Kai! Ashe Hadiza na magana!" Aka kwashe da dariya, na ji kamar in nutse.

Mushe ya ajiye alli. "Akwai masanan da suka ƙare rayuwarsu kan wannan tambaya. Maimaita, kowa ya rubuta."

Na maimaita, da ƙarfi. Har Sani sai da ya rubuta.