Muryar Inna a Kogon Bakin Teku

Largo, Maryland

Yaya Bilki,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya jikin Baba? Yaya zafin Kano? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi.

Mun dawo daga hutun Jamaika. Tsibirin ya yi kyau, ga kwakwa, ga gasasshen kifi, ruwan teku garau. Amma wani abu ya hana ni sukuni.

Ranar Laraba da hantsi aka kai mu wani kogo a bakin teku, inda aka ce bayi suna ɓuya a da. Dattijon da ke mana jagora ya ce, "Duk wanda ya ji an kira sunansa a ciki, kada ya amsa." Maigidana har dariya ya yi.

Muna tsakiyar kogon na ji an ce, "Tasallah." Yaya, kin san Inna kaɗai ke kirana haka, ga shi shekararta uku da rasuwa. Muryarta ce sak, har da 'yar dishewar nan. Kafin in ankara na ce, "Na'am." Dattijon ya juyo ya dube ni. Maigidana ya rantse ƙarar ruwa kawai ya ji.

Ke kina wajenta ranar da ta cika, ni ina nan wajen aiki. Don Allah ki faɗa mini gaskiya: ta neme ni?

Ki sa a yi mata addu'a, ni ma ku saka ni. Ki gaida Baba, amma kada ya ji wannan.

Ƙanwarki,
Hauwa