Hoton Kawu a Shafin Farko

Zuwa ga Kawuna,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Inna da yara. Na kira wayarka har na gaji ba ta shiga, shi ya sa na ba direban motar garinku wannan takarda.

Na san ka ga jaridarmu ta ranar Litinin. Bari in faɗa maka yadda aka yi, ba don in wanke kaina ba. Ka tuna bara da na matsa maka muka yi hira a kan yadda ka samu sauƙin ciwonka na ƙwaƙwalwa? Na ɗauke ka hoto a bakin shagon askinka, kana murmushi da reza a hannu. Hirar ta fito a shafin lafiya, can ciki inda ba kowa ke leƙawa ba. Hoton kuwa na zuba shi cikin kwamfutar ofis, na rubuta a ƙasansa “masu taɓin hankali”. Ni na rubuta, da hannuna.

Da labarin mutumin nan da ya yanki maƙwabcinsa ya zo, ba mu da hotonsa. Mai tsara shafi ya bincika kwamfuta, naka ne ya fara fitowa, ga kuma reza. Sai ya ɗora shi a ƙarƙashin “MAHAUKACI YA YI TA'ASA”. Ko likita bai duba wanda ya yi yankan ba tukuna, edita ne kawai ya ce kalmar tana sayar da jarida.

Kawu, na cuce ka. Ka ce ba ka son hirar, ni na nace. Don Allah ka faɗa mini halin da shago yake ciki.

Ka huta lafiya,
'Yarka.

*

'Yar Jarida,

Na amsa gaisuwarki. Wayar kuwa, Innarki ce ta kashe ta, don duk wanda ya kira jaje yake yi mini kamar na rasu.

Kin tambayi shago. Shago yana nan, madubi yana nan, ni ma ina cikin madubin ni kaɗai. Dattijon nan mai sayar da taya, wanda yake barci ina masa aski har da munshari, mun haɗu a hanya ya ce mini ai gemu yake son tarawa bana. Kansa ma gemu ne? Matan layi sun daina aiko yara. Mai gidan da nake haya ya leƙo, bai shigo ba, yana tambaya ko ina da niyyar ci gaba da zama.

Ki daina cewa hirar ce laifi. Bayan ta fito, wani mai zuwa aski, ba zan faɗi ko wane ne ba, ya jira kowa ya watse ya ce mini, “Maigida, wane likita kake gani? Ni ma kaina ba ya bari in yi barci.” Ni na raka shi asibiti. Yanzu muna haɗuwa a layin karɓar magani mu yi kamar ba mu san juna ba.

Ina shan maganina, kada ki damu. Ki dai sa su faɗa wa mutane ba ni na yanki kowa ba. Kuma ki ci abinci, na san halinki.

Kawunki.

*

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Ga jaridar yau, duba ƙasan shafin farko. Sai da na ce zan ajiye aiki kafin edita ya yarda a yi gyara.

Amma ka ji sauran zancen daga bakina kafin ka karanta. Ni abin da na rubuta shi ne kai mai aski ne da ka yi jinya, kake shan magani, kake aikinka lafiya. Edita ya karanta ya yi dariya ya ce, “Ke so kike kawunki ya samu masu zuwa aski ko so kike ki yi wa'azi? Wa zai miƙa wuyansa ga mai shan maganin hauka?” Ya goge, ya rubuta cewa mutumin da ke hoton cikakken mai hankali ne, bai taɓa samun irin wannan lalura ba.

Ina tsaye a kansa. Na tuna shagonka ba kowa, na ƙyale shi. Na san ƙarya ce, kuma na bari ta fita. Tun safe nake jin kunyar kaina, amma in mutane suka dawo, wataƙila ka yafe mini.

Ka gaida Inna,
'Yarka.

*

'Yar Jarida,

Sun dawo. Har layi aka yi a kan benci, kowa yana cewa dama shi bai yarda ba.

Mai taya ya fasa tara gemu. Ya zauna, na ɗaura masa ƙyalle, yana ta zuba: “Ai na ce musu kai ba ka cikinsu. Waɗancan ai sai ɗauri.” Mutumin da na raka asibiti yana kan benci yana jiran layi. Na hango shi a madubi ya sunkuyar da kai, kamar zai tashi ya fita.

Na ƙarasa askin tsaf, na wanke reza na sa a aljihun tebur, don kada a ce komai. Sannan na ce, “Ina cikinsu. Yau da safe ma na sha magani, kuma da shi nake yi maka aski duk shekarun nan.”

Benci ya watse, sai mutum ɗaya, wanda na raka asibiti. Na yi masa askinsa.

Na yafe miki, amma kada ki sake gyara ni. Hular mai taya tana nan rataye a ƙusa, har yau bai dawo ɗauka ba.

Kawunki.